Hatimi ko shaida: abin da ake saye a wurin odita a Kebbi

Duk wanda ya taɓa karanta tallar kwangilar gwamnati ya san jerin takardun da ake nema: shaidar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, sai kuma lissafin kuɗin kamfani na shekara uku wanda odita ya bincika ya sa wa hannu. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana cikin abin da ofisoshin akanta ke ci da shi a Birnin Kebbi. Da talla ta fita, ɗan kwangila zai tuna da akantansa, ya buga masa waya ya ce, "Malam, ran Litinin za a rufe karɓa, don Allah a taimaka." Tambayarsa biyu ce kacal: nawa ne, kuma yaushe zai aiko yaro ya ɗauka. Yadda za a yi binciken bai dame shi ba.

A ajin koyon akanta kuwa, ko a Kwalejin Waziri Umaru ko a jami'a, abin da ake karantar da ɗalibi shi ne kamfanin odita ba shi da wani jari da ya wuce sunansa. In ya yi aiki tsakani da Allah suna zai tashi, masu nemansa su yawaita. In ya yi sakaci ko ya haɗa baki, suna ya zube, kowa ya kama gabansa. Wannan magana gaskiya ce, an kuma ga ta tabbata a ƙasashe da dama. Sai dai tana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba. Dole a sami wani mutum na uku, wanda ba odita ba kuma ba mai kamfani ba, da yake karanta rahoton, yake dogara da shi wajen sakin kuɗinsa, kuma zai ji a jikinsa in rahoton ƙarya ne. Inda babu wannan mutumin, ingancin aiki da yawan abokan ciniki ba sa tafiya hanya ɗaya. Wani lokacin ma baya suke ba wa juna.

Kafin a je can, me ake nufi da inganci? Wata masaniyar akanta 'yar Amurka, Linda DeAngelo, ta taƙaita shi tun 1981 a kan abu biyu: yiwuwar odita ya gano ɓarakar da ke cikin lissafi, da yiwuwar ya faɗe ta in ya gano. Na farko sanin aiki ne da lokaci da ma'aikata. Na biyu 'yanci ne da ƙarfin hali. Wanda ya iya ganowa amma bakinsa a ɗaure yake, da wanda ba ya tsoron kowa amma bai san inda zai duba ba, dukansu takarda ɗaya za su miƙa maka, marar amfani.

A ɗauki kamfanin casar shinkafa, tunda shi ne babban kasuwancin da ya bunƙasa a jihar nan cikin shekarun baya. Lissafinsa ya ce a ƙarshen shekara akwai shanshera buhu kaza a sito. Odita na gaske ba ya karɓar wannan daga bakin manaja. Yana zuwa siton ranar ƙirga, ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya sa a janyo buhu daga tsakiyar tari a ɗora a sikeli, don shinkafar da aka sayo da danshi nauyinta na raguwa in ta bushe, kuma tari kan yi kyau a fuska alhali cikinsa holoƙo ne. Lissafi ya ce akwai kuɗi kaza a banki. Ba takardar da akawun kamfani ya bugo zai duba ba, shi da kansa zai rubuta wa bankin, amsa kuma ta dawo hannunsa kai tsaye. Sannan ga bashin da kamfani ke bin manoman da ya ba iri da taki da kuɗin noma. A takarda dukiya ce. Amma duk wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa fadamun Kebbi ya san akwai bashin da sai dai a rubuta shi, ba za a taɓa karɓarsa ba. Aikin odita ne ya matsa a ware irin wannan a cire shi daga riba, kuma a nan ake fara ɓata rai, don mai kamfani ba ya son ganin ribarsa ta ragu a shekarar da yake shirin tunkarar banki.

Abin da ya fi kowanne wuya shi ne aljihun Alhaji. A yawancin kasuwancinmu ba a raba kuɗin kamfani da na gida. Kujerar Makka, kuɗin makarantar yara, hidimar biki, gudummawar siyasa, duk daga asusu ɗaya suke fita, sai akawu ya rasa inda zai sa su ya zuba a "sauran kashe-kashe". Odita zai iya rufe ido, zai kuma iya cewa a rubuta su a matsayin bashin da kamfani ke bin mai shi. In aka ƙi, yana da abin yi. Rahoton odita ba iri ɗaya ba ne: akwai wanda ke cewa lissafin ya nuna gaskiyar halin da kamfani yake ciki, akwai mai togaciya da ke cewa ya nuna in ban da abu kaza, akwai wanda ke cewa sam bai nuna ba, akwai kuma wanda odita ke cewa ba a ba shi abin da zai iya yanke hukunci da shi ba. Idan sito yana wani ƙauye a ƙasar Zuru da rashin tsaro ya hana zuwa a ƙirga, kuma babu wata hanyar tabbatar da kayan, gaskiyar aiki ita ce a rubuta hakan a rahoto. Ofishin da ya shekara goma bai taɓa fitar da rahoto mai togaciya ba, ko dai Allah ya haɗa shi da abokan ciniki waliyyai, ko kuma ba ya dubawa.

Duk wannan aiki kuɗi yake ci: mota zuwa Kamba ko Yawuri ko Argungu, kwanakin ma'aikata, jiran amsar banki. Wanda zai biya kuwa shi ne wanda ake bincika. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsarin binciken kuɗi a duniya baki ɗaya a kan wannan gaɓa mai rauni yake tsaye, kuma abin da ake sa ran zai hana odita miƙa wuya shi ne tsoron zubewar suna.

Inda tsoron yake da haƙora, an ga aikinsa. Kamfanin Arthur Andersen, wanda aka kafa a 1913, yana cikin manyan kamfanonin akanta biyar na duniya, da ma'aikata kusan 85,000. Shi ke binciken Enron, kamfanin makamashi na Amurka da ya durƙushe a Disambar 2001 bayan an gano ya ɓoye basussuka. A Janairun 2002 Andersen ya amsa cewa ma'aikatansa sun lalata takardun aikin Enron. Tun kafin kotu ta ce uffan manyan kamfanoni suka soma sallamarsa ɗaya bayan ɗaya, don darajar hannun jarinsu ta fara taɓuwa saboda kawai sunansa na kan lissafinsu. A Yunin 2002 aka same shi da laifin kawo cikas ga shari'a, ƙarshen Agusta ya daina binciken kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, amma a lokacin babu sauran kamfanin da za a mayar wa haƙƙinsa.

Wani zai ce ai tsoron ƙara ne da diyya, tunda Amurkawa ba sa wasa da kotu. Shi ya sa abin da ya faru a Japan ya fi koyar da darasi, don can ba a saba maka odita a kotu ba. Bayan badaƙalar lissafin Kanebo, kamfanin kayan kwalliya, hukuma ta dakatar da oditansa ChuoAoyama, abokin haɗin babban kamfanin akanta na duniya PwC a ƙasar, na wata biyu a 2006. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abokan cinikinsa suka bar shi. Ya canza suna bai tsira ba, a 2007 ya rufe. A Afirka ta Kudu ma babban kamfanin odita KPMG ya sha irin wannan daga 2017, kan aikin da ya yi wa kamfanonin iyalan Gupta, 'yan kasuwar da aka zarga da almundahana da gwamnatin ƙasar, da kuma rushewar bankin VBS a 2018: bankuna suka janye, Babban Oditan ƙasar ya soke kwangilolinsa. Na Jamus shi ya fi kama da abin da muka faɗa a kan kamfanin shinkafa. A Yunin 2020 ta bayyana cewa Yuro biliyan 1.9 da kamfanin Wirecard ke cewa yana da su a bankuna biyu na Filifin babu su, bankunan suka ce takardun jabu ne. Babban kamfanin odita EY ya shafe shekaru yana sa hannu a lissafin. A 2023 hukumar sa ido ta Jamus ta hana shi karɓar sabon aikin binciken manyan kamfanoni na shekara biyu.

A duk waɗannan wurare akwai masu hannun jari, da bankuna, da asusun fansho, da 'yan jarida masu karanta lissafi layi-layi. Su ne suka hukunta, ba hukuma kaɗai ba.

Mu dawo gida. A 2006 aka gano an kumbura lissafin Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13 a tsawon wasu shekaru. Oditansa Akintola Williams Deloitte ne, kamfanin da ke ɗauke da sunan mutumin da ake kira uban akantocin Nijeriya. A 2008 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ci shi tarar naira miliyan 20 saboda rashin kulawar da ta dace. Kamfanin ya ci gaba da aikinsa, har yau kuma Deloitte na cikin manya huɗu a ƙasar nan. A Agustan 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Afribank da FinBank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420, bayan bincike na musamman ya tono ruɓaɓɓun basussuka. Bankunan nan duk suna da oditoci, duk suna fitar da lissafi kowace shekara. Ba a ga wani babban kamfanin odita ya rushe saboda haka ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: masu iya ɗaukar aikin babban banki 'yan kaɗan ne, in ka kori wannan sai ka faɗa hannun ɗan'uwansa, shari'a tana jan ƙafa, ƙananan masu hannun jari kuma ba su da murya. Abin da ya biyo baya gyaran doka ne. A 2011 aka kafa hukumar FRC mai sa ido kan rahoton kuɗi, wadda duk mai sa hannu a lissafin babban kamfani sai ya rubuta lambar rajistarsa da ita, a 2018 kuma ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta ce kada kamfanin odita ɗaya ya wuce shekara goma a jere a wuri guda.

To in a Legas, inda kasuwar hannun jari take, haƙoran suna ba su da kaifi sosai, ina ga Kebbi?

A ganina kasuwa biyu ce a nan, suna zaune a ofis ɗaya. Ta farko kasuwar hatimi. Mai saye yana son takarda ce da za a jefa a fayil, jami'in da zai karɓa kuma zai duba ne ko akwai ta, ya yi alama ya wuce. A wannan kasuwa suna mai kyau shi ne "mai sauri", "mai sauƙin kai", "ba ya da tambaya". Odita da ya ce sai ya ga rasit da takardun banki, cewa za a yi yana da tsaurin ra'ayi, a tsallaka wurin na gaba. A nan ne ake samun kamfani ɗaya da lissafi uku na shekara guda: na haraji ya nuna faɗuwa, na banki ya nuna riba, na kwangila ya nuna ciniki mai kauri. A nan ne kuma wanda ba shi da lasisin ICAN ko na ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantocin Nijeriya, kan shirya takardu ya nemi mai lasisi ya manna masa hatimi a ba shi ɗan wani abu. Farashi ya faɗi har ya kai inda ba zai isa kuɗin man zuwa sito ba, kuma da zarar farashi ya kai can, mai son yin aikin gaskiya ma ba zai iya ba. Ko ya bi sahu, ko ya koma koyarwa, ko ya tattara ya yi Abuja.

Akwai kuma nauyin zaman tare, wanda littattafan Turai ba su san shi ba. A gari kamar Birnin Kebbi ko Jega, odita da wanda yake bincika sahu ɗaya suke a masallaci, tabarma ɗaya a wurin ɗaurin aure, wata ƙila ma akwai surukuta. Rubuta togaciya a lissafin mutumin da ya girme ka, wanda ya zo gaisuwar mahaifinka, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙara da cewa ƙaramin ofis kan dogara da abokin ciniki ɗaya ko biyu wajen biyan albashi. Babban kamfani mai abokan ciniki ɗaruruwa zai iya rabuwa da ɗaya don ya tsare sauran. Wanda rabin abincinsa ke hannun mutum ɗaya, lissafinsa daban ne. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa ake ɗaukar girman kamfanin odita a matsayin alamar inganci, ba don ma'aikatansa sun fi kowa ƙwaƙwalwa ba.

Kasuwa ta biyu ƙarama ce, amma ita ke girma, kuma ita ce ta shaida. Tana kama da matsayin dillali a kara: mai saniya ne ya kawo masa ita, amma baƙon da ya zo saye maganarsa yake riƙewa cewa ba ta sata ba ce, kuma ranar da aka kama saniyar sata ta bi ta hannunsa, baƙi sun daina tsayawa a turkensa, masu shanu ma sai su bi baƙi.

Su wane ne baƙin a Kebbi? Na farko masu ba da rance. Lokacin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a jihar nan a Nuwamban 2015, kuɗi mai sauƙin ruwa ya kwararo harkar shinkafa, kuma kowa ya san yadda rashin biya ya dabaibaye shirin. Daga ƙarshen 2023 Babban Banki ya ja da baya daga irin wannan rance, zuwa Nuwamban 2024 kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Mai injin casa da ke neman jarin sayen shanshera a kaka yanzu bankin kasuwanci ko Bankin Masana'antu zai tunkara, kuma takardunsa ba a reshe za su tsaya ba, hedikwata za su tafi, hannun mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma jin kunyarsa. Su suna gwada cinikin da lissafi ya faɗa da kuɗin da ya ratsa asusu. In suka ga saɓani sau ɗaya, sau biyu, a takardun da ofis ɗaya ya sa wa hannu, sunan ofishin ya shiga ransu. Daga nan duk wanda ya zo da wannan hatimi, ko da mai gaskiya ne, sai an ƙara masa tambaya, ko jingina, ko jinkiri. Ta haka zubewar suna ke isa ga abokin ciniki: ba wanda zai sanar da shi, sai dai ya ga takardarsa ta daina buɗe ƙofa. Ranar da jami'in banki ya ce masa a ɓoye, "Alhaji, da ka canza odita," ciniki ya tashi daga wannan ofis ya koma wancan.

Na biyu ƙungiyoyin agaji da masu ba su tallafi daga waje, waɗanda kan gindaya irin oditan da za su yarda da shi. Na uku, wanda ba a cika kawo shi a lissafi ba, magada da abokan tarayya. Muddin Alhaji na raye shi ne mai kamfani, shi ne manaja, shi ne mai karanta rahoto, don haka bai ga amfanin biyan wani ya bincike shi ba. Ranar da ya kwanta dama aka zo rabon gado, 'ya'yan ɗakuna uku na kallon wanda ke riƙe da makullin sito, a ranar ake neman mutumin da kowane ɗaki zai yarda da ƙirgarsa. Haka 'yan ƙungiyar gama kai ta ma'aikata da ake yankar albashinsu duk wata, haka 'yan kasuwar albasa na Aliero da suka haɗa jari. A irin wannan wuri ofishin da aka sani da "ba ya da tambaya" ba ya samun aikin, don kowa ya san zai iya yi wa ɗaya ɓangaren sauƙin kai.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ƙara raba kasuwannin biyu. Ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin naɗa odita, wato waɗanda cinikinsu bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, dukiyarsu kuma bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba. Masu hatimi sun ga kamar an rage musu abinci, ko da yake masu ba da kwangila ba su daina neman takardar ba. Amma ta wani gefen, ƙaramin kamfanin da doka ba ta tilasta masa ba kuma ya je ya biya aka bincike shi da gaske, ya faɗa wa banki wani abu game da kansa tun kafin a buɗe shafin farko.

Saura babban mai saye a jihar, wato gwamnati. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, na gyara yadda jihohi ke tafiyar da kuɗinsu, wanda ya fara a 2018, ya sa wallafa lissafin jiha da aka bincika a kan lokaci ya zama sharaɗin samun tallafi, jihohi kuma suka yi ta rige-rigen cika shi. Wannan ya gyara lokaci, ya kuma sa takardun sun hau intanet inda kowa zai gani. Sai dai aikin da ke zuwa hannun ofisoshi masu zaman kansu ta wata ƙofa yake bi. Sashe na 125 na tsarin mulkin 1999 bai ba Babban Oditan jiha ikon binciken hukumomi da kamfanonin gwamnati da kansa ba. Abin da ya ce shi ne ya ba su jerin oditocin da suka cancanta su zaɓa daga ciki, ya ba su ma'aunin kuɗin da za a biya, sannan ya yi sharhi a kan lissafin da rahoton da aka kawo. Ke nan shugaban hukumar da za a bincika shi ke zaɓar mai bincikensa, amma daga jerin da wani ya rubuta.

Wannan jeri, a jiha irin Kebbi, ya fi kowace kasuwar hannun jari tasiri a kan wane ofis zai rayu. Idan shiga cikinsa da zama a cikinsa ya dogara da takardun aikin da ofis zai iya nunawa, wato shaidar ya je ya ƙirga, ya rubuta wa banki, ya yi togaciya inda ta kama, to ofisoshi za su ɗauki ma'aikata su horar da su, don akwai abin da za su rasa. Idan kuwa ya dogara da wanda ka sani, gwamnati ta zama babbar mai sayen hatimi, da kuɗin jama'a. Rahotannin Babban Odita suna zuwa gaban kwamitin kula da asusun gwamnati na Majalisar Dokokin jiha, kuma kwamitin yana da damar kiran shugaban hukuma ya zo da oditansa, a tambaye shi ranar da ya je sito da abin da ya tarar a ciki.